Lasifika, Monita da Mikisa: Yadda A Ke Isar da Maganar Hausa ga Taron Jama'a, da Misali daga Ƙasar Sule Tankarkar

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana yadda a ke jera lasifika da monita da mikisa a wurin taro, a kuma nuna cewa wannan aiki ya shafi ilmin harshe kamar yadda ya shafi ilmin lantarki. Na ɗauki misali daga ƙasar Sule Tankarkar, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Sauran ukun su ne Gumel da Maigatari da Gagarawa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 130,000 a Sule Tankarkar, yawancinsu manoma da makiyaya mazauna ƙauyuka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, taronta kuwa galibi a sarari a ke yinsa, ko tafsirin azumi ne, ko maulidi, ko sallar idi, ko bikin aure, ko naɗin sarauta, ko gangamin siyasa.

A duk waɗannan wurare akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare, watau zaton da a ke yi cewa in ƙara ta yi yawa magana ta isa. Alhali kuwa mutum ya kan zauna sa'a biyu a gaban lasifika, kunnensa ya cika da amo, ya tashi bai riƙe jimla goma ba. Asarar ba ƙarama ba ce, domin da yawa daga masu zuwa tafsiri, musamman mata da tsofaffi, da kunne su ke ɗaukar karatu, abin da ya wuce su a wurin kuwa ya wuce ke nan.

2. Kafin Zuwan Na'ura

Hausawa sun daɗe da sanin wannan matsala, sun kuma yi mata magani irin nasu. A fada sarki ba ya ɗaga murya, wani ne ya ke maimaita maganarsa ga jama'a. A masallacin idi ladan ya kan ɗaga kabbarar liman domin sahun baya su ji. Makaɗi yana da sanƙira mai tsinto sunayen mutane da kirarinsu ya cilla su cikin taro, mai shela kuma ya kan zaga unguwa unguwa yana tsayawa a kowace mararraba, ba ya tsayawa wuri ɗaya ya ce gari duka ya ji shi. Mai karatu ya riƙe wannan dabara ta mai shela, za mu sake komawa kanta.

Ita na'urar ba ta daɗe ƙwarai ba. A shekarar 1915 ne Peter Jensen da Edwin Pridham suka gwada lasifikarsu a gaban babban taro a birnin San Faransisko na Amurka, a 1925 kuma Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana irin lasifikar da har yanzu a ke amfani da tsarinta. Tun daga lokacin abin ya yi ta yaɗuwa, har ya zama ranar Alhamis a kasuwar Maigatari mai maganin gargajiya ma da tasa ya ke talla. Sai dai na'ura ta gaji aikin ladan da sanƙira ba ta gaji hankalinsu ba. Su sun san Hausa, sun san kalmar da za a ja da wadda za a datse. Na'ura kuwa abin da aka ba ta shi ta ke ƙarawa, mai kyau da maras kyau.

3. Abubuwa Uku da Ma'ana Ta Ke Hawa

Sauti kaɗawar iska ne. Kunnen yaro lafiyayye yana jin kaɗawa daga misalin 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya. Kaɗawa kaɗan ita ce murya mai kauri, kamar ta tambari, kaɗawa mai yawa kuma ita ce siririya, kamar ta sarewa. Maganar Hausa tana rarrabe ma'ana ta hanyoyi uku, kowace da inda ta ke zaune a cikin wannan tsani, kowace kuma da abin da ya ke ɓata ta.

Na farko shi ne karin sauti. Kalmar wuya in an faɗe ta da karin sama sa'an nan na ƙasa, gaɓar jiki ce, in an juya kuwa wahala ce. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Karin sauti yana bin kaɗawar tantanin maƙogwaro, wadda ga namiji babba ta kan kama daga misalin 85 zuwa 180 a sakan, ga mace kuma daga 165 zuwa 255. Cikin ukun shi ya fi jimiri, domin ko an yanke kaurin murya kunne yana gane shi daga sauran amon da ke bisansa. Shaida ita ce wayar tarho ta da, wadda ba ta ɗaukar abin da ke ƙasa da kaɗawa 300, amma ba a taɓa rikita wuya da wuya a cikinta ba. Abin da ya ke danne shi shi ne kiɗa, musamman kalangu, domin kalangu da kansa karin magana ya ke kwaikwayo, yana hawa da sauka a inda murya ta ke hawa da sauka.

Na biyu shi ne tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko kaɗai ya raba su. Haka duka mai nufin gaba ɗaya da duka na sanda. Abin ya wuce kalmomi ya shiga nahawu, domin jimlar nan ya tafi tana da fuska huɗu. In an ja ya da karin sama, mutum ya riga ya tafi. In an datse ta da karin sama, labari a ke ci gaba da bayarwa, kamar a ce sai ya tafi. In an datse ta da karin ƙasa, umurni ne. In an ja ta da kari mai faɗuwa, alkawari ne na nan gaba. Bambancin dogon wasali da gajere a magana ta yau da kullum bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, saboda haka babban abokin gabansa shi ne amsa-amo, watau muryar da ta daki bango ta dawo ta hau kan wadda ke fita.

Na uku shi ne baƙaƙe, musamman waɗanda Hausa ta keɓanta da su. A dubi kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka, saya da tsaya, baki da baƙi. Alamun da kunne ya ke rarrabe baƙaƙe da su gajeru ne, ba su da ƙarfi kamar wasali, da yawansu kuma a sama su ke, tsakanin kaɗawa 2,000 da 4,000, na s da ts har sun wuce nan. Su ne farkon abin da ya ke ɓacewa. Kaurin sauti in ya yi yawa ya kan rufe siririn da ke bisansa, mutanen da ke gaba su kan tare su da jikinsu, busasshiyar iska irin ta hunturu kuma ta fi mai laima cinye su a hanya.

Daga nan mai karatu zai ga ma'aunin da za mu auna kowane shiri da shi. Shiri mai kyau shi ne wanda ya isar da kari da tsawon wasali da baƙi ga mutumin da ke sahun ƙarshe.

4. Kayan Aiki da Hanyar da Murya Ta Ke Bi

Murya tana shiga makirfo, shi kuma ya mai da ita 'yar wuta maras ƙarfi. Waya ta kai ta mikisa, wadda ita ce mahaɗa, inda kowane makirfo ya ke da layinsa. Mikisa ta gauraya layukan gwargwadon yadda aka so, ta miƙa wa amfilifaya, wadda aikinta ƙara ƙarfi kawai, ita kuma ta tura wa lasifika. Wasu lasifikun da amfilifayarsu a ciki su ke zuwa, wasu mikisoshin ma haka, amma hanyar ba ta sakewa.

Lasifika iri biyu a ka fi gani a wannan ƙasa. Akwai mai baki kamar na kakaki, ta ƙarfe ko roba, wadda a ke ɗaurawa a kan masallaci ko mota. Tana kai murya nesa da wuta kaɗan, batirin mota ma ya ishe ta, amma ba ta da kauri, in an matsa mata kuma sai ta yi ƙarar gwangwani. Ta dace da kiran salla da shela. Akwai kuma mai akwati, wadda ta ke da babban faifai na kauri a ƙasa da ƙaramin baki na siririn sauti a sama. Ita ta dace da dogon karatu da waƙa.

Monita kuwa lasifika ce ita ma, sai dai ba domin jama'a a ka yi ta ba. A ƙasa a ke ajiye ta a gaban masu magana ko makaɗa, ta juya wa taro baya, ta kalli fuskarsu, domin su ji kansu su ji juna.

5. Inda Za A Kafa Lasifikar Jama'a

Ƙa'ida ta farko, lasifika ta kasance gaba da makirfo, tana kallon jama'a, makirfo yana bayanta. In aka saɓa, muryar da ta fito daga lasifika za ta koma cikin makirfo, a ƙara ta, ta sake fitowa, ta sake komawa, har ta zama wannan kuwwa mai tsinka kunne da kowa ya sani. A wurin biki a kan ga an jera akwatuna a bayan mawaƙi domin ado, sa'an nan a yi ta zargin makirfo, alhali laifin na jeri ne.

Ƙa'ida ta biyu, a ɗaga ta. Ƙaramin bakin nan na sama ya wuce kan mutum a tsaye, watau kamar mita biyu ko fiye, a ɗan sunkuyar da shi ya kalli tsakiyar taro. Akwatin da aka ajiye a kan rairayi sahun gaba kaɗai ya ke ba baƙaƙe, na baya sai gunji.

Ƙa'ida ta uku ta shafi nisa. A sarari, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti ya kan ragu da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Lasifikar da ta ba da 100 a mita ɗaya za ta ba da 94 a mita 2, da 88 a mita 4, da 82 a mita 8, da 76 a mita 16, da 70 a mita 32. In yara sun zauna mita ɗaya daga gare ta, tsakaninsu da na ƙarshe desibel 30 ne, in kuwa an janye sahun gaba zuwa mita 4, ratar ta koma 18. Ƙara wuta ba ya maganin wannan. Ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kaɗai ya ke ƙarawa, sai an ninka shi sau goma kunne ya ji kamar ƙara ta ninku. Ga kuma haɗari ga na gaba, domin masana lafiyar kunne sun sa iyakar desibel 85 na sa'a 8 a yini, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu. A desibel 100 iyakar minti 15 ce.

Maganin babban fili shi ne dabarar mai shela, watau a kai wata lasifika kusa da na baya maimakon a yi musu ihu daga nesa. Amma a nan akwai tarko. Sauti yana tafiyar misalin mita 340 a sakan, wuta a waya kuwa nan take ta ke isa. In an kafa lasifika ta biyu mita 34 daga ta farko, wanda ke kusa da ita zai ji kalma daga gare ta, sa'an nan bayan kashi ɗaya cikin goma na sakan ya sake jin ta daga ta gaba. Binciken Helmut Haas a Jamus a 1949 ya nuna cewa kunne ya kan haɗe sauti biyu su zama ɗaya in ratarsu 'yar kaɗan ce, in ta yi yawa kuwa sai ya ji su biyu. Ga magana, in bambancin hanya ya kai kamar mita 17 an shiga wahala, gajeren wasali ya fara kama da dogo. Saboda haka a jinkirta lasifikar baya da na'urar jinkiri, misalin kashi 3 cikin 1,000 na sakan ga kowace mita. In babu wannan na'ura, a kusanta su, a rage ƙarar kowace, duka kuma su kalli gefe ɗaya, kada su kalli juna.

A lura da bango. Ginin ƙasa mai rufin azara da tabarmi a shimfiɗe yana shanye sauti, ginin siminti mai tayil da rufin kwano kuwa mayar da shi ya ke yi. A irin wannan masallaci ƙananan lasifiku da yawa marasa ƙara sun fi manya biyu masu ƙarfi. A sarari kuma kada a saita lasifika ta kalli doguwar katanga kai tsaye. A lura da iska da lokaci. Sautin da ya bi iska ya fi wanda ya tare ta nisa. Da rana a bazara, sa'ad da rairayi ya yi zafi, sauti ya kan lanƙwashe ya yi sama, da dare kuwa in ƙasa ta huce ya kan kwanto ya yi nisa, shi ya sa a ke jin bikin wani ƙauye daga wani. Ƙarar da ta yi daidai da la'asar ta yi yawa bayan isha, maƙwabta kuma suna da hakki.

6. Monita da Dalilinta

Waƙar baka ta Hausa zance ce tsakanin mutane. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su riƙe tafiya, sanƙira ya jefa tasa a tsakani. Wanda ya saurari faifan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, zai ji yadda amshi ya ke faɗowa a kan gaɓar da ta dace, a ƙungiyar Ɗanƙwairo ma har 'yan amshi su kan karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa. Wannan ba ya yiwuwa sai suna jin juna sarai.

To, da zarar an sa lasifika a gabansu ta juya musu baya, abin da ya ke iso musu shi ne kaurin da ke fita ta bayan akwati, da kuma muryar da ta dawo daga katanga. In katangar tana mita 34 daga dandali, zuwa da dawowa mita 68 ne, watau kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kusan tsawon gaɓa guda. 'Yan amshi su bi wannan murya su makara, jagora ya ji kamar ba a jin sa ya ƙara ƙarfi, kafin tsakar dare muryarsa ta dushe. Mawaƙan zamani masu hawa kan kiɗan da aka riga aka naɗa sun fi kowa bukatar monita, domin kiɗan na'ura ba ya jiran wanda ya makara kamar yadda mai kalangu ya ke jira.

Wurin ajiye ta ya danganta da irin makirfo. Yawancin makirfon hannu, irin Shure SM58 da aka fito da shi a 1966 da masu kwaikwayonsa, suna ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, ta baya kuwa kusan kurame ne. Saboda haka monita ta kasance daidai inda gindin makirfo ya ke nunawa. Mawaƙi kada ya sunkuyar da kan makirfo ya kalle ta, kada kuma ya dunƙule hannu a kan ragar, domin wanda ya toshe ramukan bayan raga ya mai da makirfo mai ji ta ko'ina, kuwwa kuwa ta samu ƙofa. Ya riƙe shi a jiki, kusa da baki kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Duk rabin nisa da ya rage tsakanin baki da makirfo ribar desibel 6 ce wadda ba a saya da kuɗi ba.

Abin da za a zuba a monita ba shi ne abin da a ke ba jama'a ba. Mikisa tana da wata hanya ta dabam domin wannan, a jikin kowane layi akwai abin murɗawa da a ka rubuta wa AUX ko MON. A zaɓi wadda ba ta bin mariƙin ƙarar layi, domin in an rage wa jama'a wata murya kada ta ɓace wa makaɗa. A sa abin da su ke bukata kaɗai. 'Yan amshi muryar jagora su ke nema, jagora kuma tasa da ta amshi. Kalangu da ke kusa da su ba ya bukatar shiga, yana isa da kansa.

7. Daidaita Mikisa

A bi wannan jeri tun jama'a ba su taru ba.

Da fari a sauke dukan mariƙai ƙasa, a mai da abubuwan murɗa kauri da siranta tsakiya. A rubuta sunan mai kowane layi a jikin takarda a manna.

Na biyu, a daidaita ƙofar kowane layi, watau abin murɗawa na can sama wanda ya ke ƙayyade yawan abin da zai shigo. Mai magana ya yi magana da ƙarfin da zai yi a gaban jama'a, a buɗe ƙofar a hankali har fitilu kore su tashi, jar fitila kuwa kada ta kama ko da ya ɗaga murya. In ƙofa ta yi faɗi murya ta kan fashe, fasasshiyar murya kuwa ba a gyara ta a gaba, ƙ da k sun zama ɗaya ke nan. In ta yi ƙunci kuma sai a ji shuu a bayan magana.

Na uku, a yanke kaurin da ba shi da amfani. Mikisoshi da yawa suna da ɗan maɓalli mai zubar da abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 ko 100. A danna shi a kowane layin murya, zai kawar da gunjin iska da bugun hannu, karin sauti kuma ba zai taɓu ba, saboda dalilin da aka faɗa a baya. In murya ta yi kamar daga cikin randa ta ke fitowa, a rage kauri tukuna kafin a ƙara siranta. Ragewa ta fi ƙarawa aminci.

Na huɗu, a ɗaga monita kafin lasifikar jama'a, har masu ita su ce ya isa. A ɗan ƙara har a ji alamar kuwwa za ta taso, sa'an nan a koma baya sosai a tsaya nan.

Na biyar, a ɗaga ta jama'a, murya tukuna, kiɗa daga baya, kiɗa kuma ya zauna ƙarƙashin murya. Makirfon da ba a amfani da shi a rufe shi, domin duk lokacin da yawan buɗaɗɗun makirfo ya ninka, an matso kusa da kuwwa da desibel 3.

Na shida, a yi hattara da amsa-amon da a ke ƙarawa da gangan. Masu bege da mawaƙan biki suna son sa, kaɗan daga ciki kuma yana yi wa waƙa ado. Amma a wa'azi da jawabi da sanarwa a kashe shi ɗungum. Wanda ya sa shi a kan mai karanta sanarwa ya sayo da kuɗinsa cutar da a ke gudu daga katanga.

Na bakwai, mai mikisa ya zauna inda ya ke jin abin da jama'a su ke ji, ko ya riƙa tashi yana zagawa. A maimakon ƙirga ɗaya biyu da hura iska a makirfo, ga gwajin da ya fi. Wani ya tsaya a sahun ƙarshe, a karanta masa kalmomi a gauraye, saya, tsaya, kafa, ƙafa, gari na zama, gari na tuwo, ba tare da jimla ba, ya faɗi wadda ya ji. In ya rikita baƙaƙe, a ɗaga lasifika ko a rage kauri. In ya rikita tsawon wasali, a nemi amsa-amo. In kari ne ya ɓace masa, kiɗa ya yi yawa.

8. Wuta da Wayoyi

Taron ƙauye galibi da janareta a ke yinsa, ko batir da faifan sola. A kai janareta nesa, bayan gini in da hali, a gefen da iska za ta tafi da ƙararsa. A bar shi ya daidaita kafin a jona kaya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, in ba haka ba bugun da mikisa ta ke yi ya kan fasa faifan lasifika. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, ita ce gurnanin da a ke ji in wayar makirfo ta kwanta a jikin wayar wuta. A raba su, in dole su haɗu su gitta juna. Wayar makirfo mai ƙafa uku ta fi mai ƙafa biyu kariya a doguwar tafiya.

Kowace lasifika tana da nauyin da ta ke ɗora wa amfilifaya, a na auna shi da om. Biyu masu om 8 in an jona su gefe da gefe sun zama om 4, huɗu sun zama om 2, amfilifaya da yawa kuwa ba sa jure ƙasa da 4, sai su yi zafi su ɗauke a tsakiyar taro. A duba abin da aka rubuta a bayanta. Jar waya kuma ta tafi ga ja, baƙa ga baƙa a kowace lasifika, domin in an juya ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta tana ja, sai sauti ya rame.

9. Misalin Zaman Tafsiri

A ɗauka zaman tafsiri ne a ƙofar masallaci, maza a gaba, mata a wani gefe bayan shamaki. Masu magana biyu ne, alaramma mai jan baƙi da malam mai fassara. Makirfo biyu, kowa da layinsa, domin mai jan baƙi ya kan ja murya da ƙarfi, malam kuwa zance ya ke yi, ƙofarsu ba za ta zama ɗaya ba. Na uku na masu tambaya, a rufe har lokacinsa. Akwati biyu a kan sanduna, dama da hagu, gaba da malamai. Ƙaramar lasifika ta dabam a wajen mata, kusa da su, maras ƙara. In malaman suna zaune kafaɗa da kafaɗa ba sa bukatar monita, in kuwa taro ya yi girma har suna jin muryarsu tana dawowa, ƙarama guda a tsakaninsu ta isa, domin malam ya ji inda aya ta tsaya. Mai bakin kakaki da ke kan hasumiya a bar ta ga kiran salla. In an haɗa ta da na ƙasa, na cikin fili za su ji karatu sau biyu.

10. Kammalawa

Kayan da aka ambata duka akwai su a hannun masu haya a garuruwan wannan masarauta, mafi yawan gyaran da aka bayyana kuma ba ya cin ko kwabo: a matsar da akwati gaba, a ɗaga shi, a juya monita, a rage kauri, a kashe amsa-amo, a aika mutum sahun baya ya saurara. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai kuma aiki a nan ga ɗaliban wannan sashe. Ya kamata a tsara jerin kalmomin gwaji na Hausa, tagwaye masu bambancin kari da na tsawon wasali da na baƙi, a gwada su a fili da masallaci, da rani da damina, a rubuta abin da aka samu. Ya kamata kuma a bi masu wannan sana'a a tattara sunayen da su ke kiran kayansu da su, domin kalmomi ne da su ke shigowa Hausa a gaban idonmu, ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 kuwa sun riga su.